Sake Kunna Waƙoƙin da Aka Naɗa a Fiyanon Dijital, da Dalilin Sauyawar Sautinsu a Wata Na'ura

Mai tambaya ya ce ya naɗi kiɗan da ya kaɗa a kan fiyanonsa na dijital, ya ajiye shi, yana kuma son sanin yadda zai riƙa sake kunna shi tare da sauran waƙoƙin da suka zo a cikin fiyanon. Sai dai da ya kwafe kiɗan a filashi ya kai kwamfuta, ya ji sautin ya koma siriri marar armashi, sannan wasu waƙoƙin da ya sauke daga intanet fiyanon ya ƙi nuna su gaba ɗaya. Yana so ya san ko fiyanon ne ya samu matsala.

Malam, bisa dukkan alamun da ka bayyana, fiyanonka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rikita maka lissafi shi ne fiyanon dijital yana iya ajiye kiɗa ta hanyoyi biyu da ba su da alaƙa da juna, alhali dukansu biyu da sunan waƙa yake nuna su a allo. Hanya ta farko ita ce ya rubuta abin da yatsunka da ƙafarka suka yi, wato wane maɓalli ka danna, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe ka saki, yaushe ka taka feda. Wannan shi ne naɗin MIDI, kuma babu sauti ko ɗis a cikinsa. Hanya ta biyu ita ce ya kama ainihin sautin da ya fito, kamar yadda makirufo yake kama murya, ya zuba shi a fayil irin WAV ko MP3. Mafi yawan fiyanonin da ake da su a gidaje, idan ka danna madannin naɗi ba tare da ka sauya wani saiti ba, hanya ta farko suke bi. Saboda haka lokacin da ka sake kunna kiɗan, ba tsohon sautin kake ji ba. Fiyanon ne yake sake kaɗa shi daga farko, yana bin umarnin da ya rubuta. Kamar wasiƙa ce da aka ba mutum ya karanta a fili: kalmomin na wanda ya rubuta ne, muryar kuwa ta mai karantawa ce, kuma idan aka sauya mai karatu dole muryar ta sauya.

Yana da kyau ka san abin da ke cikin wannan umarni, domin kusan duk abin da zan faɗa nan gaba daga gare shi ya samo asali. An fito da ƙa'idar MIDI a shekarar 1983, bayan da masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da harshe guda da na'urorinsu za su riƙa magana da juna. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi wanda ya kafa Roland su ne suka fi shahara a wannan aiki. A wannan ƙa'ida kowane amo yana da lamba daga 0 zuwa 127. Maɓallai 88 na fiyano, farare 52 da baƙaƙe 36, sun kama daga lamba 21 zuwa 108, amon C na tsakiya kuma shi ne 60. Ƙarfin danni ma lamba ce, daga 1 zuwa 127, kuma a gaskiya ba nauyin yatsa fiyanon yake aunawa ba, saurin da maɓallin ya yi wajen sauka yake aunawa, tunda a fiyanon katako ma saurin da 'yar gudumar da maɓalli yake turawa ta kai ga tsirkiya shi ne yake ƙayyade ƙarar amo. Fedar dama, wadda take tsawaita amo, tana da saƙo mai lamba 64. Ta tsakiya 66. Ta hagu mai tausasa sauti 67. Kowane saƙo yana tafe da lokacinsa. Wannan ne ya sa fayil ɗin yake ƙarami ƙwarai. Kiɗan minti 5 da aka naɗa ta MIDI da wuya ya wuce 'yan gomiyoyin kilobait, alhali kiɗan nan dai a WAV mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10 a kowane minti, wato sama da megabait 50.

Tunanin ajiye motsin yatsu maimakon sauti ya girmi lantarki irin na yau. A 1904 kamfanin Welte na garin Freiburg a Jamus ya fito da fiyano mai kaɗa kansa daga naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji, wadda take ɗauke da lokacin kowane amo da ƙarfinsa da takun feda, har mawallafin kiɗa Gustav Mahler ya zauna ya yi irin wannan naɗi a 1905. Duk wanda ya sa takardar a fiyano mai kyau ya ji kiɗa mai kyau, wanda ya sa ta a fiyanon da tsirkiyoyinsa suka saki ya ji akasin haka, ga takarda guda. Matsalarka da kwamfuta ita ce wannan tsohuwar matsala a sabuwar na'ura. Bambanci guda da ya kamata ka sani shi ne maɓallan fiyanon dijital na yau da kullum ba sa motsi yayin sake kunnawa, domin saƙon yana wucewa ne kai tsaye zuwa sashen samar da sauti. Masu motsa maɓalli da kansu, irin Disklavier na Yamaha, fiyanonin katako ne na gaske da aka ɗora wa na'urar turawa.

Yanzu ga yadda ake kunnawa. Waƙoƙi a fiyanon dijital suna zama ne a wurare uku. Akwai waɗanda kamfani ya saka tun daga masana'anta, na nuna ingancin sauti da na koyo, kuma waɗannan ba sa gogewa, sau da yawa ma an kulle su ba a iya kwafarsu zuwa waje. Akwai ma'adanar cikin fiyano inda naɗinka yake sauka. Sannan akwai filashin da ka jona. A fiyano mai allo, za ka shiga sashen waƙoƙi, ka zaɓi ɗaya daga cikin wuraren nan uku, ka zaɓi waƙar, ka danna madannin kunnawa, wanda galibi alamar ƙaramar kibiya mai kusurwa uku take kansa. A fiyano marar allo, maɓallan kiɗan ne da kansu suke aikin zaɓi: ana riƙe wani madanni sannan a danna wani maɓalli da aka ware wa waƙa ta kaza, kuma jadawalin wannan yana cikin littafin bayanin da ya zo da fiyanon. Wannan sashe ba shi da wahala, kwana ɗaya ya isa hannu ya saba.

Inda ake yin asara shi ne ma'adanar ciki, don haka ina so ka kula da ita sosai. Ƙananan fiyanoni da yawa waƙa ɗaya tak suke riƙewa, kuma da zarar ka fara sabon naɗi tsohon ya tafi, wani lokaci ba tare da gargaɗi ba. Wasu kuma ba da mintuna suke auna wurin ajiya ba, da yawan saƙonni suke aunawa, ta yadda kiɗa mai gudu da yawan taka feda yake cika ma'adanar da wuri fiye da kiɗa mai natsuwa mai tsawo ɗaya da shi. Bayan ka tsayar da naɗi, fiyanon yana ɗaukar 'yan daƙiƙu yana rubuta abin a ma'adana, fitila na ƙyaftawa ko allo na nuna cewa yana aiki. Idan aka kashe wuta ko aka zare filashi a wannan ɗan lokaci, naɗin yana iya lalacewa, har ma ya shafi waɗanda suka riga shi. Duk naɗin da ka ji ya yi maka, ka kwafe shi zuwa filashi a ranar, kada ka bari sai gobe.

Sai batun sauyawar sauti a kwamfuta. Fiyanonka yana ɗauke da sautukan da aka naɗo daga babban fiyanon katako, amo bayan amo, a matakan ƙarfi daban-daban, ko kuma yana lissafa sautin nan take ta hanyar kwaikwayon yadda guduma da tsirkiya da allon katako suke aiki. Akan wannan ya ƙara amsa-kuwwar ɗaki da kukan sauran tsirkiyoyi idan an taka feda. Kwamfuta kuwa, idan ba a saka mata manhaja ta musamman ba, ɗan ƙaramin tarin sautuka take da shi wanda aka matse domin kada ya ci wuri, kuma da shi take karanta duk fayil ɗin MIDI da aka ba ta. Umarninka bai sauya ba ko kaɗan. Wanda yake aiwatar da shi ne ya sauya. Idan ka mayar da filashin cikin fiyanon ka kunna fayil ɗin nan dai, za ka ji sautin ya dawo yadda ka san shi, kuma wannan gwaji kaɗai ya isa ya kwantar maka da hankali.

Har tsakanin fiyanoni biyu masu kyau ana samun bambanci, kuma dalilansa sun fi wancan zurfi. Na farko, lamba 70 ta ƙarfin danni ba ƙara ɗaya take bayarwa a kowace na'ura ba, domin kowane kamfani yana da yadda ya tsara hawan sautinsa daga laushi zuwa ƙarfi. Kiɗan da ya fito a tausashe a wurinka yana iya fitowa da kaifi a wani wuri. Na biyu, feda. Wasu fiyanoni suna gane rabin taku, suna rubuta duk matakan da ke tsakanin 0 da 127, wasu kuwa abu biyu kawai suka sani, an taka ko an saki, inda suke ɗaukar 64 zuwa sama a matsayin an taka. Idan ka yi naɗi da rabin taku mai kyau ka kai shi ga na'ura ta biyun, wuraren da ka share amo a hankali za su fito ko dai a cakuɗe ko a datse. Na uku, zaɓin murya, wato irin kayan kiɗan da fiyanon yake kwaikwayon sautinsa. A 1991 aka amince da wani ƙarin tsari mai suna General MIDI, wanda ya jera kayan kiɗa 128 da lambobinsu, babban fiyano a lamba ta 1, ya kuma ware wa ganguna tasha ta 10 daga cikin tashoshi 16 da saƙonnin MIDI suke bi. Matuƙar ka tsaya a kan muryar fiyano ta farko, kusan ko'ina za a fahimce ka. Amma idan ka zaɓi wata murya ta musamman da kamfaninka kaɗai yake da ita, wata na'ura za ta karɓi lambar ta ba ka abin da ke wannan gurbi a wurinta, ko ta koma muryar farko. Saitin amsa-kuwwa da makamantansa kuwa galibi da saƙonnin da suka keɓanta ga kamfani ake rubuta su, sauran na'urori tsallake su suke yi.

Kada wannan ya sa ka raina naɗin MIDI, domin a wurin mai koyo ya fi naɗin sauti amfani nesa ba kusa ba. Tunda fiyanon sake kaɗawa yake yi, kana iya rage gudun kiɗan zuwa rabi ba tare da amo ya sauka ko ya lalace ba. Lokacin da ke tsakanin saƙonni kawai aka miƙa. A naɗin sauti, rage gudu yana bukatar lissafi mai nauyi, kuma idan aka yi nisa sai sautin ya fara rawa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kana iya ɗaga dukkan kiɗan ko ka sauke shi da mataki biyu ko uku domin ya dace da muryar mai rerawa. Kana iya sauya muryar da ka yi naɗi da ita bayan ka gama. Kana iya sanya alama a farkon wani sashe mai wuya da ƙarshensa, fiyanon ya riƙa maimaita wannan tsakani kaɗai har sai ka tsayar da shi. Mafi girman amfani kuma shi ne kashe hannu ɗaya. Waƙoƙin koyo da suke zuwa cikin fiyano galibi an raba su layi biyu, hannun dama a layi na 1, hagu a layi na 2, sai ka kashe layin dama ka kaɗa shi da kanka yayin da fiyanon yake riƙe maka hagu. Wanda ya daɗe yana koyon kowane hannu shi kaɗai, ranar da ya fara jin ɗaya hannun yana tafiya a gefensa, a ranar yake gane inda amon hannayen biyu suke haɗuwa da inda suke saɓawa.

Naɗinka ma yana iya samun wannan rabo, amma sai ka shirya shi tun wajen naɗa. Idan ka kaɗa hannu biyu a tare, dukansu layi guda za su sauka, kuma babu madannin da zai raba su daga baya a cikin fiyanon. Abin da ake yi shi ne ka naɗi hagu a layi ɗaya, sannan ka zaɓi ɗaya layin ka naɗi dama kana sauraron hagu yana tafiya. A nan ne mitironom, wato na'urar da take ƙirga bugu, take zama dole. Mai naɗin da ke cikin fiyano yana ƙirga bugu a kan gudun da aka saita masa ko ka kunna ƙarar mitironom ko ba ka kunna ba, kuma sau da yawa wannan gudu bugu 120 ne a minti idan ba a taɓa shi ba. Idan ka kaɗa a kan naka gudun ba tare da ka daidaita da shi ba, kiɗan zai fito daidai yadda ka yi shi a kunne, amma lambobin gaɓa, wato rukunonin bugu da ake raba kiɗa da su, waɗanda allo yake nunawa ba za su dace da na takardar kiɗanka ba, alamar maimaitawa ba za ta faɗa a kan gaɓa ba, kuma idan ka buɗe fayil ɗin a manhajar rubuta kiɗa za ka ga rubutun da ba ya karantuwa. Ƙarar mitironom ɗin ba ta shiga cikin naɗin MIDI, saboda haka babu abin da za ka rasa idan ka kunna ta. Kiɗan da ake son ya riƙa jan numfashi, yana sauri yana sassautawa bisa ji, shi ne kaɗai zan ce a naɗe shi ba tare da ita ba.

Ra'ayina a kan yadda ake sauraro shi ne kada ka kunna naɗi kana zaune a gaban maɓallai da hannu a kansu. Mai kaɗawa ba ya jin kansa da kyau, domin hankalinsa ya rabu tsakanin ido da yatsu da abin da ke tafe, kunnensa kuma yana cike giɓi da abin da ya yi niyyar kaɗawa. Ka tashi, ka ɗauki takardar kiɗan da fensir, ka saurara daga ɗan nesa, ka sa alama a inda ka yi gaggawa, inda hagu ya danne dama, inda feda ta cakuɗa amo biyu da bai kamata su haɗu ba. Bayan haka ka rage gudun naɗin ka sake sauraron wuraren masu gudu, domin a sannu ne rashin daidaiton yatsu yake bayyana, musamman ɗan yatsa na huɗu da yake yawan makara ko ya fito da rauni. Ina kuma jan hankalinka da kada ka mayar da kaɗawa tare da waƙar da ke kunne al'adar kullum. Fiyanon ba ya jiran kowa, kuma wannan yana da amfani wajen koyon ci gaba bayan kuskure, amma wanda bai taɓa riƙe gudu shi kaɗai ba, ranar da aka kashe masa na'ura zai ga ba shi da agogo a jikinsa.

Mu koma ga waƙoƙin da ka sauke fiyanon ya ƙi nunawa. Abu na farko da za ka duba shi ne irin fayil ɗin. Fiyano da yawa MIDI kawai suke karantawa daga filashi, wato fayilolin da sunansu ya ƙare da .mid, wasu suna ƙarawa da WAV, masu karanta MP3 sun fi ƙaranci. Masu karanta WAV ɗin ma galibi tsari guda suke karɓa, na faifan CD, wato awo 44,100 a daƙiƙa, bit 16, ɓangare biyu na dama da hagu, ta yadda fayil mai awo 48,000 ko bit 24 ba zai kunnu ba ko da sunansa ya fito. Fayilolin MIDI da kansu suna da nau'i: nau'i na 0 yana tara komai a layi ɗaya, nau'i na 1 yana da layuka da yawa, kuma akwai tsofaffi da ƙananan fiyanoni da na 0 kaɗai suke ganewa. Mayar da na 1 zuwa na 0 aiki ne na minti ɗaya a manhajar MIDI ta kwamfuta. Akwai kuma akasin wannan, inda wasu kamfanoni suke ajiye naɗin ciki da tsarin fayil nasu na kansu wanda kwamfuta ba ta sani ba. Idan haka ne, wajen kwafewa zuwa filashi ka nemi zaɓin da aka rubuta SMF, wanda shi ne tsarin fayil ɗin MIDI na kowa da kowa.

Idan irin fayil ɗin daidai ne amma har yanzu bai bayyana ba, to filashin ne. Yawancin fiyanoni tsarin FAT32 suke karantawa, alhali manyan filashi, daga gigabait 64 zuwa sama, galibi da tsarin exFAT suke fitowa daga masana'anta. Ƙaramin filashi ya wadatar, tunda dubban fayilolin MIDI ba za su cika gigabait ɗaya ba, kuma mafi aminci shi ne fiyanon da kansa ya yi masa fomat, bayan ka kwashe duk abin da ke ciki, domin fomat yana share komai. Ka ba fayiloli gajerun sunaye da haruffa da lambobi na yau da kullum, ba tare da haruffa masu ƙugiya ko wasu alamomi ba, ka kuma guji binne su a folda cikin folda cikin folda. Wasu fiyanoni ma folda guda mai wani takamaiman suna kaɗai suke dubawa. Ka lura kuma cewa kafar USB iri biyu ce a jikin fiyano: mai faɗi shimfiɗaɗɗiya ita ce ta filashi, ɗayar kuwa ta wayar da ke zuwa kwamfuta ce, kuma fiyanon da wannan ta biyun kaɗai yake da ita ba ya karanta filashi ta kowace hanya.

Wani lokaci fayil zai kunnu amma ya fito a gurguje. Idan an tsara shi ne domin cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, fiyanonka kuma ba shi da muryoyin General MIDI, za ka ji goge da sarewa duk sun koma muryar fiyano, ko wasu tashoshi su yi shiru, ko saƙonnin ganguna na tasha ta 10 su fito a matsayin amo barkatai marasa ma'ana. Madannin kashe hannu ma ba lallai ya yi aiki ba, domin wanda ya tsara fayil ɗin bai sa hannayen a tashoshin da fiyanonka yake tsammani ba. Wasu fiyanoni suna barinka ka nuna musu tashar kowane hannu. Sannan akwai iyakar amon da fiyano yake iya fitarwa lokaci guda, 64 a wasu, 128 ko 192 ko 256 a wasu. Waƙar da ke kunne da abin da kake kaɗawa a kanta daga wannan rumbu guda suke ɗiba, amon da feda ta riƙe yana ci gaba da cin gurbinsa, haɗa murya biyu su fito tare kuma yana ninka abin da kowane danni yake ci. Idan rumbun ya cika fiyanon yakan yanke amon da suka daɗe domin ya ba sababbi wuri, sai ka ji sauti yana ɓacewa kafin lokacinsa. Maganinsa shi ne kashe muryar da aka haɗa, ko kashe tashoshin da ba ka bukata.

To idan abin da kake so shi ne wani ya ji kiɗanka a wayarsa da ainihin sautin fiyanonka, dole ka ba shi naɗin sauti. Hanyar da na fi so ita ce a yi aikin hawa biyu. Ka naɗa ta MIDI tukuna har sai ka samu wanda ya gamsar da kai, ka gyara murya da amsa-kuwwa da gudu yadda kake so, sannan ka kunna shi fiyanon yana sake kaɗawa yayin da ake kama sautin. Fiyanonin da suke naɗar WAV zuwa filashi galibi suna iya wannan a cikinsu, kuma aikin yana ɗaukar daidai tsawon kiɗan, tunda sai an kaɗa shi daga farko zuwa ƙarshe. Idan naka ba ya yi, sai ka fitar da sautin ta kafar fitar da sauti, ko ta kafar hedifon, zuwa kwamfuta ko na'urar naɗi, ka gwada da wurin da kiɗan ya fi ƙara kafin ka fara, domin sautin da ya wuce iyakar ma'auni yana tsagewa kuma ba ya gyaruwa daga baya. Ajiye waya kusa da lasifika ita ce hanya mafi rauni, saboda tana kwasar ƙarar ɗaki da ta fanka, gami da bugun maɓallai idan kai tsaye kake kaɗawa. Daga WAV kana iya yin MP3 domin aikawa, amma ka riƙe WAV ɗin.

Akwai kuma hanyar da take juya matsalarka ta farko gaba ɗaya, wato ka bar fayil ɗin MIDI a kwamfuta ko waya, ka jona ta da fiyanon ta USB ko ta Bluetooth mai ɗaukar MIDI, ka gaya wa manhajar ta tura saƙonnin zuwa fiyanon maimakon ta kaɗa su da nata sautukan. Nan take sautin fiyanonka zai dawo, kuma iyakar ma'adanar ciki ta daina damunka. Bluetooth iri biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Mai ɗaukar MIDI saƙonni yake kaiwa. Mai ɗaukar sauti kuwa yana mayar da lasifikar fiyanon ta zama lasifikar wayarka ne kawai, wanda yake da amfani idan kana son kaɗawa a kan wata waƙa, amma ba za ka iya kashe hannu ɗaya a cikinta ba. Idan ka jona da kwamfuta ka ji kowane amo yana fitowa da wani irin kauri kamar an danna shi sau biyu, to manhajar ce take mayar wa fiyanon saƙon da ya aika, shi kuma yana kaɗa nasa yana kaɗa wanda ya dawo. Ana magance wannan da kashe saitin da ake kira Local Control, wanda yake raba maɓallai da sashen sauti na ciki. Ka tuna ka mayar da shi idan ka cire wayar, domin fiyanon da waƙoƙinsa suke kunnuwa lafiya amma maɓallansa suka yi shiru, galibi wannan saitin ne aka bari a kashe.

Game da abin da za ka adana na dogon lokaci, ka ajiye kowane naɗi mai muhimmanci a siffa biyu, MIDI da WAV, a wurare biyu, ka kuma rubuta a sunan fayil ko a gefe muryar da ka yi amfani da ita. Daga MIDI kana iya fitar da sabon naɗin sauti a kowane lokaci, a wannan fiyano ko a wanda ya fi shi nan gaba. Daga sauti zuwa MIDI kuwa hanyar ba ta da tabbas, domin manhajojin da suke wannan aiki hasashe suke yi daga abin da suka ji, kuma sukan kuskure amon da feda ta cakuɗa da ainihin ƙarfin da aka danna kowane maɓalli.